Ki Tafi da Ummi Yamai

Kankiya,
ranar Talata.

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigidanki, da takwarata Ummi. Ina fatan kun koma Katsina lafiya, kuma hidimar ɗaure kaya ba ta kayar da ke ba. Allah ya sa tafiyar nan da ke gabanku ta alheri ce, ya tsare ku a ƙasa da sama, ya sauke ku Yamai a sa'a. Mu nan lafiya lau muke. Babanku yana gaishe ku, ƙannenki ma haka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. Wayar na ɗauka na ajiye ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kin san yadda hirarmu take ni da ke: ina kwana, ina gajiya, ya yarinya, sai kowa ya yi shiru yana jiran ɗan'uwansa ya kashe. Maganar da ke bakina ba za ta shiga wannan ɗan tsakanin ba. Takarda kuwa ba ta da ido, ba zan ji nauyinta ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ni sai da tafiyarku ta matso na ɗauko wuƙa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mani hukunci.

Ranar Juma'ar da kuka zo, maigidanki ya gaya mana ya samu aiki a Yamai, ke ma wata makaranta ta ɗauke ki koyar da Turanci. Sannan kika sunkuyar da kai kika ce, "Malama, mun ce ko a bar maki Ummi, tunda an yaye ta. In mun zauna da gindinmu sai mu riƙa leƙowa." Shi kuma ya matso da wayarsa ya nuna mani wani layi miƙaƙƙe daga Kano zuwa Yamai, ya ce, "Mama, duba nan. A jirgi ko awa biyu ba a yi. In kika aza sanwar tuwo muna tashi, kafin ki kwashe mun sauka." Aka yi dariya. Na ce to, madalla, na karɓa.

Ba zan ɓoye maki ba, na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Kuna fita na aiki ƙaninki kasuwa ya sayo ƙaramar katifa da gidan sauro, da takalmin nan na yara mai ƙara in an taka. Unguwar nan babu gidan da bai ji labari ba. Babanku har ya fara cika baki wai amaryarsa za ta tare, tsohuwa ta yi ta kanta. Kuma na gane abin da kika yi. Abin da ya fi komai daraja a hannunki kika ɗauko kika miƙa mani, ni da ban taɓa miƙa maki komai ba sai kayan sallah. Na gode, Allah ya yi maki albarka.

Amma na fasa. Ki tafi da ɗiyarki. Dalilin da ya sa na fasa shi ne zan gaya maki, kuma duk a kaina zan kawo misali, don ban san rayuwar kowa ba kamar tawa.

Lokacin da aka tashi yaye ki, Gwaggo Hajara, yayar Babanku, ta zo daga Kusada da zanen goyonta a kafaɗa. Kin fi kowa sanin Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ce mani, "Kawo mani ɗiyata ta sha kunu kwana biyu, ta mance da nono, in maido maki." Ke 'yar fari ce, kuma a garin nan uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Da Gwaggo ta goya ki za ta fita, ina cikin ɗaki ina jin kukanki yana nisa. Ko ƙofar zaure ban raka ku ba. Nono ya cika mani yana zogi har cikin hammata, ina matsewa a ɓoye ina zubarwa bayan ɗaki, matan gida kuwa suna ta yabo, wai Malama akwai kara.

Kwana biyun Gwaggo ya zama wata, wata ya zama damina. Da na yi ƙarfin hali na taɓa wa Babanku maganar, sai ya ce, "Haba, a bar mata mana. Kusada ce fa, ba Makka ba. Duk ranar da kika so ai sai ki je ki gan ta." Na yarda, domin gaskiya ya faɗa. Ga Kankiya ga Kusada, motoci na zirga-zirga, mai keke ma yana zuwa ya dawo rana ba ta faɗi ba. Wannan kusancin shi ya cuce ni. Da Makka aka kai ki, da na yi tanadi, na sa rana, na kama hanya, kowa kuma zai ce ai dole uwa ta je. Da yake Kusada ce, kullum sai in ce gobe. Ranar makaranta ina aji. Ranar hutu in ce in na je yanzu za a ce na biyo ɗiya, Gwaggo za ta ga kamar ban yarda da riƙonta ba. Ina tsaye gaban allo ina kiran sunan 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, ina share masu hanci, tawa tana nan bayan gonaki ban san ko ta fara magana ba.

To ki ji na farko. Duk wurin da aka ce maki kusa ne, ki ji tsoronsa, domin wuri mai nisa shi ake ɗaura wa niyya. Na kusa sai a yi ta ajiye shi kamar wankin da ba a matsu da shi ba. Ranar Juma'ar nan da maigidanki ya ce ko awa biyu ba a yi, muryar Babanku na ji. Daga baya, da murnar ta lafa, sai maganar ta riƙa dawo mani.

Kina da shekara huɗu ko kusa da haka ƙyanda ta kama ki. Wani direba mai jigilar gyaɗa ya tsaya ƙofar makaranta ya ce Gwaggo ta ce a gaya mana yarinya ba lafiya, jiki ya yi zafi ƙwarai. Na koma gida na ɗauki mayafi, har na kai tsakar gida, sai na ga kakarki zaune da wasu baƙi. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi mayafin. Ni da kaina na mayar da mayafin na rataye. Babanku ya hau babur ya tafi, na ba shi magani da sabulu da ƙullin gero ya kai.

Sai bayan kin warke na samu dalili. Ana suna a garin Ƙofa, na ce zan je, a hanyar dawowa na ratse Kusada kamar mai wucewa. Na same ki zaune a gindin turmi, kin rame, duk jikinki tabo. Na miƙa maki hannu. Kika tashi da gudu kika shige bayan Gwaggo, kika riƙe zanenta, kika ce, "Gwaggo, wace ce wagga?" Gwaggo ta dube ni, ta ga akwai mutane, ta san ba zan so a faɗa ba. Ta ce, "Malama ce ta Kankiya. Gaishe ta." Kika gaishe ni da ladabi. Daga ranar nan har yau Malama kike ce mani, kuma ban taɓa jin haushinki ba, ni na saya da kuɗina. A motar dawowa na ja mayafi na rufe fuska na yi kuka, wata mata kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mani.

Na biyu ke nan. Yaro bai san dalili ba. Bai san kara ba, bai san aiki ba, bai san an rufe hanya ko an buɗe ba. Fuskar da ya gani a kansa lokacin da zazzaɓi ya rufe shi, ita ce uwarsa. Idan kika bar mani Ummi, zan riƙe ta da zuciya ɗaya, zan kwana a kanta in ba ta da lafiya, kuma daidai wannan ne abin tsoron. Ranar da za ki sauko daga jirginki da tsaraba niƙi-niƙi, bayana za ta ɓuya. Na san zafin wannan, ba na so ki ɗanɗana shi, balle a ce a tsakar gidana.

Kin san Maman Ngozi mai shago a bakin titinmu, wadda ta zo garin nan daga kudu tun ina amarya. Da na je sayen sabulu na ba ta labarin Ummi da layin da aka nuna mani a waya, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce ƙanenta yana sayar da kayan gyaran mota a Yamai shekara da shekaru. Ta ce, "Malama, wannan layi na tsuntsu ne. Ba kullum ake samun jirgi kai tsaye ba. Wani lokaci sai ka yi kudu tukuna, ka zauna ka jira wani jirgi, sannan ka dawo arewa. Da aka rufe iyaka kwanaki, matarsa ta haihu a gida, yaro ya fara zama bai gan shi ba." Ni ban taɓa shiga jirgi ba, ba zan yi gardama da maigidanki a kan awa ba, ya fi ni sani. Amma ko ni na san jirgi ba a ƙofar ɗakinki zai tsaya ba, kuma ba a ƙofar gidana zai sauka ba. Akwai neman izini wurin aiki, akwai kuɗin tikiti ku biyu, akwai takardu, akwai jiran ranar tashi, sannan ga hanyar Kano zuwa nan. Wanda ya auna tafiyar a waya, sararin sama kawai ya auna.

Ba wannan ce maganar Maman Ngozi da ta tsaya mani a rai ba. Da na juya zan tafi ta ce, cikin dariya, "Ni garinmu yini da kwana ne a mota, amma duk ƙarshen shekara ina kwashe yarana mu je. Ke Kusada nan da nan, lokacin da babbar 'yarki tana can, sau nawa kika je?" Da wasa ta faɗa, mun saba tsokanar juna. Na yi dariya na ce Allah ya shirye ta. Na dawo gida na zauna kusa da sabuwar katifar, ban iya cin abincin rana ba.

Na uku. Ki auna nisa daga ƙofa zuwa ƙofa, sannan ki ƙara da halinki. Ke jinina ce, ko ban raine ki ba na san ki. Kina da kunya irin tawa. Ko jirgin kyauta ne, in kin zo sau ɗaya, sau biyu, za ki fara cewa kada Malama ta ga kamar ban yarda da riƙonta ba, kada dangin miji su ce na cika zumuɗin 'yar fari. Ga shi kuma sunana aka sa mata, nauyi biyu ke nan a bakinki. A waya ma za ki tambayi lafiyar Babanku, da ƙannenki, da awaki, sai can ƙarshe ki ce, "Ya mutanen gidan?" Ni kuma in ce lafiya lau, ko da ba lafiya ba, don kada in tayar maki da hankali a ƙasar mutane. Haka za mu yi ta yi wa juna kara har yarinya ta girma a tsakaninmu.

Saura guda, ita ce ta fi mani ciwo, kuma ba ki san ta ba.

Da kika haifi Ummi kika tafi wankan jego Kusada, wurin Gwaggo. Daidai ne, can ne gidanku. Ni na aika itace da kanwa da kayan yaji, na zauna. Sai ga saƙon Gwaggo, wai in zo, ba aike take so ba. Na je na tarar tsufa ya kama ta, tukunyar ruwan zafi ma ba ta iya saukewa sai maƙwabta sun taimaka. Kina ɗaki kina barci da jaririya. Ta ja ni bayan rumbu ta zaunar da ni, ta ce:

"Ke dai Allah shi gyara ki. Ni na riƙe maki ɗiya, amma yaushe na hana ki ita? Duk ranar kasuwa sai na ƙara hatsi a turmi, in ce yau uwar ɗiyar nan tana tahe. In yi shara, in yi mata kitso, in sa mata riga mai kyau, in ce zauna nan baƙuwa za mu yi. Har rana ta hwaɗi ba ki zo ba. Tun tana tambaya wace baƙuwa, har ta bari."

Na ce, "Gwaggo, kara nake maki."

Ta ce, "Kara da ta hana uwa taka ƙahwa ta ga ɗiyarta, wa ta amfana? Ni kaina da kin zo da na ji daɗi. Na ɗauka ba ki so ne, ina jin kunyar in kira ki."

Kin ji. Ita tana can tana jin kunyar kirana, ni ina nan ina jin kunyar zuwa, ke kuma an yi maki kitso kina zaune bakin ƙofa. Babu mugu a cikinmu. Ranar na sauke tukunyar da hannuna, na yi maki wankan, kina ta sunkuyar da kai kina cewa, "Malama, da kin bari." Wannan ne karo na farko da na taɓa jikinki tun ranar yaye. Bayan Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, na so in gaya maki wannan magana, bakina ya ƙi buɗuwa.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce riƙo mugun abu ba ne. Gwaggo ta yi maki tarbiyyar da ni ban isa in yi ba, duk wanda ya zauna da ke ya san hannun kirki ya raine ki. Ɗa na kowa ne, kuma zumuncinmu da irin wannan ya ginu. Kunya ma ado ce, ban ce ki tuɓe ta ba. Abin da nake cewa, kada ki bar yarinya a baya kina dogara da cewa hanya gajera ce. Ni na dogara da haka a kan hanyar da ake bi da keke.

Na san abin da za ki ce: baƙon wuri, sabon aiki, wa zai riƙe ta in kina aji? Za a samu. Yamai ba daji ba ne, akwai Hausawa, akwai masallaci, akwai tsofaffi mata irina masu son a ajiye masu yaro su samu abokin hira. Ki shiga maƙwabta da sallama tun makon farko, ki kai masu ɗan abin da kika zo da shi, daddawa ko kuka ko yajin da zan ɗaura maki. Wanda bai ji Hausa ba zai ji daɗin miya. Za ki sha wahala, ban ce ba za ki sha ba. Wata rana za ki shiga aji da tabon kunu a mayafi, wata rana za ki yi kuka don gajiya. Wannan wahalar tana wucewa, kuma kina da maigida mai sauƙin kai, ki sa shi ya ɗauke ta in hannunki ya cika, ba zai ragu da komai ba.

Kuma can babu idon kakarki, babu matan gida masu yabon kara. Ki ɗauke ta a gaban kowa. Ki yi mata kitso da hannunki ko da bai yi kyau ba. In ta faɗi ki riga kowa ɗaga ta. Sunan nata in ya yi maki nauyi saboda ni, na yafe, ki kira ta da shi ko da sau ɗaya ne a rana, ta ji yadda yake fita daga bakin uwarta. Ni ga shi na cika takarda ina ce maki 'Yar Gwaggo, hannuna ya saba, ya ƙi rubuta wanda aka raɗa maki. Kada ki bari naki hannun ya saba.

Maganar dangin maigidanki kuwa, ki bar mani. In an tambaya, ki ce Malama ce ta ƙi, ta ce gwiwa ta dame ta, ba za ta iya bin yarinya ba. Ba ƙarya kika yi ba, gwiwar tana ciwo. Su ce na cika son jiki, na ɗauka. Na gaya wa Babanku shawarata, ya dube ni ya ce, "Ke da kika sayi katifa?" Na ce katifa ba ta ruɓewa, in sun zo hutu ta kwana a kai. Sai ya ce, "Da na sani, da ban ce Kusada ba Makka ba ce." Ban taɓa tsammanin yana tune da maganar ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar tafiyarku ku biyo ta Kankiya ku ɗauke ni, zan raka ku filin jirgi a Kano. Ban raka ki zaure ba ranar da kika bar hannuna, wannan karon zan raka ki har inda ake tsayar da 'yan rakiya. Ki bar ni in goya Ummi tun daga gida. In mun kai ƙofar da ba a wucewa, zan kwance ta in ɗora maki a baya, in ɗaure zanen da hannuna.

Na san kaina, shi ya sa nake gaya maki tun yanzu. Idan na ji ɗuminta a bayana tun daga Kankiya har Kano, zuciyata za ta karye. Mai yiwuwa a bakin ƙofar nan in ce maki na sake shawara, a bar mani ita ko na wata biyu ne, ai Yamai kusa ce. Mai yiwuwa in yi kuka a gaban mutane, abin da ba ki taɓa gani ba. Ke kuma za ki ji nauyina, za ki so ki yi mani kara. Kada ki yi. Ki karɓi ɗiyarki ki wuce, kada ki saurare ni.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah ya raya Ummi a gabanki, ya sa ta san ki tun tana ƙarama. Ya yi maku albarka ke da maigidanki, ya sa mu gana da alheri. Ki yafe mani.

Wassalam.

Ni ce,
mahaifiyarki.